Ranar da Injiniya Mikail Ya Ƙi Zuwa Ƙofar Kano Sau Biyu

Duk wanda ya san Gomari ya san Mikail, in kuwa bai san shi ba, to Mikail ɗin zai tare shi a hanya ya sanar da shi kansa. Shagonsa ɗan mitsitsi ne, na cajin waya da zuba waƙoƙi da manna gilashi, amma allon da ya kafa a sama ya fi ƙofar faɗi, an rubuta da jan fenti: Injiniya Mikail, Likitan Kwamfuta da Intanet. Asalin injiniyancin kuwa, wata shekara ce wasu ma'aikata suka zo ja wa ofishin wata ƙungiyar agaji wayar intanet, suka ɗauke shi ya riƙe musu bakin wayar yana miƙawa ta taga. Tun daga ranar unguwa ba ta sake hutawa ba. Ko sannu ka ce masa, sai ya ba ka labarin yadda ya haɗa Maiduguri da Turai da hannunsa.

Ta dama da shagon akwai Umara mai walda, mutumin da Allah ya yi wa baki, ba ya ganin abu ya ƙyale. Ta hagu kuma Sauda ce ke suyar awara a gindin dogonyaro. Su biyun nan sun sha labarin Turai har sun haddace.

Wata Alhamis cikin bazara, rana na dukan ƙasa kamar da gayya, sai ga Keke mai ƙafa uku ya tsaya a ƙofar shagon. Kafin a ga mai fitowa ƙamshi ya riga ya sanar da ita. Ya Gumsu ce, mai turaren wuta da humra, dattijuwar da babu amaryar da ake kaiwa ɗaki a wannan yanki ba da kwalbarta ba.

"Wushe, Ya Gumsu! Lale, lale!" Mikail ya karkaɗe benci da hularsa. "Yau wace iska ce ta kaɗo mana ke?"

"Iskar tashin hankali, ɗana," in ji ta, ta zauna tana fifita da gefen mayafi.

Ta kwance bakin zani ta fito da ɗan filashi na kwamfuta. An ba ta rumfa a wani baje koli da za a yi a Abuja mako mai zuwa, karo na farko a rayuwarta. Kwalabe sun cika ɗaki, an ɗura, an toshe, saura sitikar da za a manna mai ɗauke da sunanta. Zayyad mai zane ya gama zanen, ya zuba mata a filashi, sai aka yi masa rasuwa ya wuce Biu. Maɗaba'ar da za ta buga a Kano take, kuma sun ce zanen ya yi nauyi, in aka tura ta waya dusashewa zai yi, sai dai a ɗora shi kai tsaye a babbar kwamfutarsu ta wata hanya wai ita FTP. Sun turo mata adireshi da lambar sirri a waya. Sun kuma ja mata kunne cewa da an idar da la'asar za su tada inji, wanda nasa bai iso ba sai wani makon.

"In ya wuce yau, haka zan je Abuja da kwalabe tsirara, ba suna ba komai," in ji Ya Gumsu. "Wa zai san nawa ne? An ce ka iya. Ka iya ɗin?"

Mikail ya yi wata dariya ta tausayi, ya dubi Umara, ya dubi Sauda, ya dubi masu jiran caji da ke zaune a inuwa.

"FTP? Ya Gumsu, ni da FTP ai tare muka tashi. Kafin Sauda ta juya awarar nan kayanki sun sauka Kano."

"To bari in rage wuta," in ji Sauda.

Ya buɗe kwamfutarsa, ya kunna rauta, wato ɗan akwatin nan mai ƙahoni biyu da ke jawo intanet daga layin waya. Da a ce ya zuba adireshin ya danna ya yi shiru, da yanzu ba mu da labari. Amma ina! Mikail ya ga mutane sun taru, kuma shi in ya ga taro jikinsa har rawa yake.

"Ku matso ku ƙaru," ya ce. "Abin nan kamar ziyara ne. Kwamfutarmu za ta je Kano ta yi sallama, ta faɗi sunanta, a ce mata maraba. Wannan zuwa na farko ke nan, na gaisuwa. Sai kuma maganar kaya, a nan hanya ta rabu biyu. Akwai wadda ake kira fasib. Ita wannan, Kano ce za ta ce mana, ga wata ƙofa can, ku zagayo ku kawo. Wato mu sake tashi mu je ƙofarsu karo na biyu. Akwai kuma aktib. A ita, mu ne za mu ce musu, mun zo mun gaishe ku, ga kwatancen gidanmu, ku tako da ƙafarku ku karɓa."

Abin haushin shi ne, duk abin da ya faɗa daidai ne, babu ƙarya ko ɗaya. Ya leƙa cikin saitin manhajar, sai ya ja tsaki mai tsawo.

"Ku ji wani raini! Wai a fasib suka ajiye ta."

"Ni dai ya tafi, ɗana," in ji Ya Gumsu.

"Zai tafi, amma da mutunci. Ke ce mai kaya, ke ce mai ba su aiki. A garin nan in ka kai wa mutum ziyara, rama maka yake, haka muka tashi muka gani. Yaushe aka fara Barno na zuwa ƙofar Kano sau biyu, Kano na kishingiɗe?"

"Ba a taɓa ba!" wani daga cikin masu caji ya ɗaga murya.

"Faɗa musu, Injiniya!" in ji wani.

Kan Mikail ya ƙara girma. Ya sa yatsa ɗaya, a hankali yadda kowa zai gani, ya mayar da ita aktib. Ya zuba adireshi da lambar sirri, ya yi bisimilla da ƙarfi, ya danna.

Rubutu ya gudana a fuskar kwamfutar. Kano ta amsa sallama, ta karɓi suna, ta ce maraba. Mikail ya fassara wa jama'a, aka yi tafi. Daga nan sai komai ya tsaya cak. Gefen da ya kamata ya nuna ɗakin ajiyar maɗaba'ar ya zauna fari fat, wani ɗan zobe yana ta juyawa. Ya juya, ya juya, can sai ga jan rubutu: an jira, ba wanda ya zo, an katse.

"Ja ya fito," in ji Umara, yana leƙe ta kafaɗarsa. "Ni dai a wajen aikina in abu ya yi ja, ba a taɓawa."

"Suna shiri ne. Baƙo ai sai ya sa riga."

Ya sake dannawa. Maraba, zobe, ja. Ya sake. Maraba, zobe, ja.

"Na juya awara, Injiniya," in ji Sauda. "Har na kwashe na zuba wata."

Mikail ya buga goshinsa. "Af! Laifina ne. Sun zo sun tarar da ƙofa a kulle." Ya shiga cikin kwamfutar ya kashe katangar tsaronta gaba ɗaya, wadda ke hana baƙin abubuwa shigowa. Kwamfutar ta yi ta gargaɗi, ya ce ta yi masa shiru, shi ya saye ta. Aka gwada, ja ya sake fitowa.

"To saura ƙofar zaure," ya ce, ya juya kan rauta. A ganinsa lambar sirrin waifai ita ce sakatar da ta hana Kanawa shigowa, don haka ya cire ta ɗungurungum, ya kuma sanar da bakinsa: "Yanzu gidana a buɗe yake, kowa ya shigo!"

Wallahi kuwa kowa ya shigo, ban da Kano. Kafin ka ce me, masu caji sun zaro wayoyinsu na biyu. Masu Keke da ke hutawa a tsallaken titi suka gangaro. Tela ya bar kekensa, mai aski ya bar kan mutum rabi. Gindin dogonyaro ya cika da mutane, kowa ya sunkuyar da kai, nan waƙa, can wa'azi, can ƙwallo. Ita kanta Sauda hannu ɗaya na riƙe da matsami, ɗaya na kallon yadda ake ɗaura ɗankwali. Yanzu ko maraba ɗin ma sai Kano ta yi nishi kafin ta faɗa.

Ya Gumsu ta dubi inuwar bishiya ta ga ta fara karkata. "Mikail, an kusa kiran azahar fa."

"Saura ƙiris, Ya Gumsu."

Sai ga jirgi ya taso zai sauka, ya bi ta saman unguwa da rugugi, kwanukan rufi suna karkarwa. Daidai lokacin ja ya fito. Mikail ya yi tsalle ya nuna sama.

"Kun gani! Shi ne ya tsinke musu hanya!"

"To ka buga filin jirgi a dakatar da su," in ji Umara. "Ai sun san ka."

Jirgi ya sauka, sama ta yi tsit, aka gwada, ja. Mikail ya shaƙi iska, ya juya ya zuba wa kaskon Sauda ido.

"Hayaƙin man nan ma yana da nasa. Yana toshe iska."

Sauda ta ajiye waya, ta riƙe ƙugu. "Hayaƙina? Shekara nawa kake cin awarar nan bai toshe maka maƙogwaro ba, sai yau zai toshe Kano? Ka kiyaye ni, Mikail, man nan da zafi."

Aka kwashe da dariya. Ladan ya kira salla, maza suka nufi masallacin bakin layi, Sauda ta ja Ya Gumsu cikin gidansu ta yi alwala ta ɗan huta. Kafin ta shiga, dattijuwar ta bar wa Mikail wayarta, ta ce akwai lambar wata Florence ta maɗaba'ar, in abin ya ƙi ya kira ta.

"Ni in kira su? Sai dai su kira ni," ya ce. Amma da aka sallame ya riga kowa dawowa, ya shige lungun shago ya kira a ɓoye. Bai lura Umara ya dawo yana tsugune a bayan ƙyaure yana ɗaure igiyar takalmin aikinsa ba.

Florence ta ɗauka, Hausarta tas irin ta Kano, ƙarar injuna na tashi a bayanta. Mikail ya gabatar da kansa da duk muƙamansa, sannan ya sanar da ita cewa kwamfutarsu ba ta da tarbiyya, ana gayyatarta tana ƙin zuwa.

"Malam, kana shiga, amma jerin fayiloli ba ya fitowa, ko?"

"Injiniya."

"To, Injiniya. A aktib kake?"

"Da saninmu muka sa."

"Mayar da ita fasib. Layin kamfanin waya kuke amfani da shi, ku da dubban mutane ta ƙofa ɗaya kuke fita. In kwamfutarmu ta juyo neman ka, a bakin ƙofar nan take tsayawa, ba ta san ɗakin wa za ta shiga ba, sai a kore ta. Ko ka rushe duk katangar gidanka ba za ta iso ba. Amma in kai ne ka fito, ba mai tare ka. Danna ɗaya ne."

"Wato mu zo sau biyu."

"Ko sau goma ne, kwamfuta ce, ba ta gajiya. Don Allah ku hanzarta, na ajiye wa Hajiya wuri a farantin bugu, in aka yi la'asar ba ruwana."

Ta kashe. Mikail ya tsaya da waya a hannu. Gaskiya ta shige shi. Amma ya tuna tafin da aka yi masa ɗazu, ya tuna wanda ya ce ba a taɓa ba. Ya koma gaban mutanen nan ya mayar da ita fasib da yatsan da ya cire ta? Gara rana ta narkar da shi.

Ya fito ya tarar jama'a sun dawo, har an ƙaru. Ya gyara murya.

"Na yi magana da Kano. Sun amsa laifinsu. Sun ce suna zuwa, gidan ne ba sa ganewa."

Umara ya buɗe baki, sai kuma ya rufe. Ya ga abin bai nuna ba tukuna.

"Saboda haka," in ji Mikail, "za mu ɗaga rauta sama yadda za su hango ta tun daga Damaturu. Umara, ara mini tsani."

"Da gudu ma," in ji Umara.

Wayar wutar rauta gajeriya ce, don haka Mikail ya bi ya zare duk wayoyin jona wuta na shagon ya haɗa su baki da baki. Wayoyin mutane da ke caji suka mutu a tare.

"Kai! Tawa ko rabi ba ta kai ba!"

"Ni tafiya zan yi Bama!"

"Ku yi haƙuri, aikin ƙasa ake," in ji Mikail, ya naɗe ƙafar wando.

Ya hau da rauta a hammata, waya na binsa kamar jela. Kwanon rufin ya sha ranar bazara tun safe. Silifas ɗinsa ya fara santsi, sai ya yi dabara ya tuɓe ya jefo ƙasa. Tafin ƙafarsa na taɓa kwano ya saki wata ƙara da ba ta dace da injiniya ba. Ya ɗaga dama, hagu ta ƙone, ya ɗaga hagu, dama ta ƙone. Ya shiga tsalle a kan rufi da akwati a sama da kai, masu Keke na yi masa kiɗa da tafi.

"Umara, danna! Danna mai shuɗin nan!"

Umara ya shiga ya danna. "Ta ce maraba!"

"Sai me?"

"Zobe!"

"Sai me?"

"Irin na ɗazu. Har ya fi ja."

Mikail ya ce tsayin ne bai isa ba, ya taka zuwa tsakiyar rufin inda ya fi tudu. Wurin nan kuwa tsatsa ta gama cinye shi tun damunar bara, shi da kansa yake tara bokiti a ƙasansa. Sai ji aka yi ɓurum! Ƙafarsa ta dama ta huda kwano ta wuce har cinya. Ya zauna daɓas a kan rufi mai zafi, hannuwa biyu a sama riƙe da rauta, ƙafa ɗaya a waje, ɗaya tana lilo a cikin shago, daidai saman kwamfuta.

Dariyar da aka yi a layin nan, har mai rabin aski sai da ya faɗo daga kujera.

A haka Ya Gumsu ta fito. Ta kutsa cikin taro, ta shiga shago, ta ɗaga kai. Ta daɗe tana kallon ƙafar, ƙafar na motsa 'yan yatsu.

"Wannan ta waye?"

"Ta Injiniya ce," in ji Umara. "Sauran yana sama yana jiran baƙi."

Wayarta da ke kan tebur ta yi ƙara. Florence ce, kuma muryarta ta fito kowa na ji: "Hajiya, har yanzu shiru fa. An fara wanke inji. Na gaya wa mutuminku tun ɗazu ya mayar da ita fasib, danna ɗaya ne. Ba zan iya tsayawa ba, ana kira na." Ƙit, ta kashe.

'Yan yatsun ƙafar suka daina motsi.

"Tun ɗazu?" in ji Ya Gumsu.

"Tun bayan azahar," in ji Umara. "Ina bayan ƙyaure."

Ta juyo ta dube shi. "Kai kuma ka ji, ka ba shi tsani?" Umara ya sunkuyar da kai yana sosa ƙeya.

Ta matsa ƙarƙashin ƙafar, ta kama babban yatsan da hannunta mai lalle, ta ɗaga murya ta cikin hudar kwano.

"Mikail."

"Na'am, Ya Gumsu." Muryar ta fito siririya.

"Fasib ɗin nan, ita ce wadda ka ce mu ne za mu koma ƙofarsu?"

"Ita ce. Amma ki duba girman Barno..."

"Rufe mini baki da Barno! Ni ka sani? Tun ina yarinya nake yawo da tire a ka, daga Lamisula zuwa Dala, gida-gida. In yi sallama a ce in dawo anjima, in dawo. A ce sai gobe, in koma gobe. Akwai ƙofar da na yi wata ina zuwa kafin a sayi kwalba ɗaya. Da haka na ciyar da 'ya'yana, da haka sunana ya kai inda za a buga shi a takarda. Ban taɓa jin na ragu ba. Yau rana ɗaya da zan ga sunan nan a jikin kwalbata, kai da ko turare ba ka iya turawa ba, ka zaunar da ni kana jiran a zo a gaishe ka? Wallahi raina ya ɓaci, ɗana. Ya ɓaci ƙwarai."

Babu wanda ya yi dariya. Can sama Mikail ya ji kunya ta rufe shi, ta fi kwanon zafi.

"Ina ake dannawa?" ta ce.

"Sai na sauko..."

"Ba ka saukowa. In ka saki akwatin nan komai ya mutu. Faɗi daga nan." Ta murɗa yatsan kaɗan.

"Wayyo! Sama ta hagu! Akwai wani ɗan hoto kamar haƙoran inji!"

"Ɗaga murya, ba na ji."

Haka Injiniya Mikail, a gaban masu Keke da tela da mai aski da rabin Gomari, ya riƙa kwarara bayani daga kan rufi. Ya Gumsu ba ta taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba, ta kama shi kamar mai kama ɗan tsako, kibiyar na gudu ko'ina. Umara na nuna mata da baƙin yatsansa, tana bi a hankali. Suka buɗe saiti, suka gangara, suka sami 'yan da'ira biyu.

"Na sama ko na ƙasa?"

Ya Gumsu ta ɗaga kai ta dubi ƙafar.

"Mikail!"

"Wanda babu ɗigo a ciki," ya ce da ƙyar. "Shi ne fasib."

Ta danna. Umara ya danna mai shuɗi. Kano ta ce maraba, kuma ko zoben bai gama zagaye ɗaya ba sai ga ɗakin ajiyar maɗaba'a ya buɗe, sunaye jere reras. Aka ja fayil aka saka. Wani koren layi ya fito ya fara tafiya, amma tafiyar hawainiya, don har yanzu unguwa guda na zuƙar intanet ɗin.

Ya Gumsu ta fito bakin ƙofa. Ba ta yi ihu ba. Ta dai dubi gindin dogonyaro ta ce, "Duk wanda uwarsa ko matarsa ta taɓa turara ɗaki da kayana, ya kashe wayarsa."

Ka ji ƙit, ƙit, ƙit ta ko'ina. Sauda ce ta fara. Koren layi ya zabura.

"Ya Gumsu, hannuna ya sage!" in ji rufi.

"Riƙe."

"Kwanon nan yana gasa ni!"

"Riƙe, ɗana. Ai an kusa."

Layin ya kai rabi, ya wuce. Mutane suka cunkushe a ƙofa suna leƙe, wasu na salati. Ladan ya fara gyara lasifika, ana jin yana hura ta. Gumi na ɗiga daga diddigen Mikail, Umara ya sa hularsa ya tare kada ya jiƙa kwamfuta. Koren ya cika taf daidai lokacin da aka ɗaga murya da kabbarar farko.

Waya ta yi ƙara. "Ya iso, Hajiya," in ji Florence. "Na buɗe, ya fito tsaf. Gumsu Turaren Barno, ko? Yanzu za a ɗora."

Sauda ta rangaɗa guɗa. Masu Keke suka hau matsa hon. Ya Gumsu ta sa gefen mayafi ta goge ido, ta zare filashinta ta ƙulle a bakin zani, tana ta hamdala. Wani ya ce a ba Injiniya Gumsu hanya, sauran suka ɗauka, har ta kai bakin Keke ana faɗa.

Daga sama Mikail ya yi gyaran murya. "Jama'a, kun dai ga amfanin tsayi. Da ban ɗaga rauta ba..."

Babu wanda ya ko waiga. An fara watsewa zuwa masallaci, masu caji na kwashe wayoyinsu. Ya ja ƙafa, kwano ya cije ta. Ya sake ja, wando ya yi ƙara. Sai ya ga da gaske tafiya za a yi a bar shi.

"Ya Gumsu," ya kira a hankali. "Ki ce su ciro ni."

Ta leƙo daga cikin Keke, ta kare ido da hannu ta dube shi.

"Ga su nan a gabanka. Roƙe su da bakinka, ba a mutuwa."

Keke ya tashi, ƙamshinta ya bi bayansa. Mikail ya dubi ƙasa. Umara na tsaye da almakashin yankan kwano a hannu, Sauda na gefensa tana kashe wuta.

"Umara," ya ce. "Don Allah ka taimake ni."

Umara ya sa yatsa a kunne ya girgiza. "Ka san aikin walda ya ɓata mini ji. Me ka ce?"

Mikail ya rufe ido, ya sake faɗa da ƙarfi yadda har na cikin sahu suka ji. Sannan Umara ya gyara tsani ya fara hawa.